A Bar Yaranmu Su Shiga Turanci ta Ƙofar Hausa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da duk ma'aikatan wannan jarida. Ina roƙon ka sam mini fili in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda ake koya wa yaranmu karin maganar Turanci, abin nan da ɗalibai ke kira idiyom. Ni tsohuwar malamar Turanci ce. Shekara 35 na yi ina riƙe da alli a makarantun 'yan mata, daga 1982 har na ajiye aiki a 2017, kuma na daɗe cikin masu duba takardun jarrabawar fita sakandare. Abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji shi ba. Da hannuna a ciki, har da laifina.

Makonni uku da suka wuce, jikata da ke ajin ƙarshe na sakandare ta shigo ɗakina bayan sallar isha'i, riƙe da wani ɗan littafi irin waɗanda ake bazawa a ƙofar makaranta ana sayarwa. Ta ce, "Hajiya, ki riƙe mini in kawo miki hadda." Na buɗe na ga layi biyu ne daga farko har ƙarshe. A hagu karin maganar Turanci, a dama ma'anarta, ita ma da Turanci, an jera su bisa haruffa. Yarinya ta tanƙwashe ƙafa ta kama karantowa, ba gargada, har muka iso harafin K. Sai na ji ta ce, "kick the bucket, to die." Na rufe littafin na aje a kan cinyata. Ta ce, "Na yi kuskure ne?" Na ce mata ba ta yi ba, abin da aka rubuta ta faɗa. Amma wannan layin guda ya mayar da ni baya shekara arba'in da wani abu.

A 1977 ina kwalejin horon malamai mata, shekara guda bayan gwamnati ta ƙaddamar da ilimin firamare kyauta ga kowa, lokacin da makarantun Arewa suka cika da malamai daga Indiya da Pakistan da Ghana da Ingila. Mai koya mana Turanci wata Baturiya ce, matashiya, mai haƙuri da mu ƙwarai. Wata rana saƙo ya iso daga gida cewa mahaifinta ya rasu. Muka taru a aji muka ce lallai mu rubuta mata wasiƙar ta'aziyya, kuma da yake ni ke zuwa ta ɗaya a Turanci, aka miƙo mini biro. Burina a ranar shi ne ta ga wahalar da ta yi a kanmu ba ta tafi a banza ba. Ina da irin wannan jerin a kaina, na haddace shi tsaf. Sai na rubuta mata cewa mun yi baƙin ciki matuƙa da jin mahaifinta ya "kicked the bucket". Na sake kwafewa da kyakkyawan rubutu, 'yan aji duka suka sa hannu, muka kai.

Kashegari ta aiko a kira ni gidanta. Na tarar da wasiƙar a kan tebur, idanunta sun yi ja. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta tambaye ni yadda muke faɗa da Hausa idan wanda muke ƙauna ya bar duniya. Na ce mukan ce ya rasu, ko ya riga mu gidan gaskiya, ko Allah ya yi masa cikawa. Ta ce to, idan kuma wani ne da ba a damu da shi ba, har ana iya yin dariya da mutuwarsa? Kafin in buɗe baki na gane abin da na aikata. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na yi kuka, ita da aka yi wa mutuwa ta koma tana ba ni haƙuri. Ta ce za ta ajiye wasiƙar domin ta san abin da ke zuciyarmu. Har yau in na tuna, sai na ji ba daɗi.

Wannan labarin na ba jikata a daren. Sannan na tambaye ta, "Za ki iya shiga gidan makoki ki ce wa matar mamaci, ashe Malam ya sheƙa barzahu?" Ta dafe ƙirji ta ce, "Subhanallahi, Hajiya! Wa zai faɗi haka?" Na ce to abin da ke cikin littafinki ke nan, kuma littafin bai gaya miki ba.

Ka duba, Edita, yaro ɗan shekara goma a ƙasar Hausa ya san cewa dattijo ya kwanta dama, rai ya yi halinsa, wa'adi ya cika, akuya ta mutu, ɗan fashi ya sheƙa lahira. Duk mutuwa ce, amma kowace magana da wurin da take zama da wanda ake faɗa wa ita. Ba wanda ya zaunar da shi ya ba shi jeri. A gidan suna da gidan makoki da bakin kasuwa ya tsince su. Turanci ma haka yake. Bature in yana ta'aziyya "passed away" yake cewa. Littafin hadda yana ba yaro ma'ana ya hana shi sanin muhalli, alhali a karin magana muhallin ya fi ma'anar nauyi. Kuma hanya mafi kusa da na samu ta nuna wa yarinya muhallin magana, a duk shekarun da na yi a aji, ita ce in kawo mata 'yar'uwar maganar a Hausa.

A nan ne muka yi wa kanmu sagegeduwa. A zamaninmu yin Hausa a harabar makaranta laifi ne, akwai mai rubuta sunaye, akwai tara, akwai yankan ciyawa. Da na zama malama ni ma na ɗora daga inda aka tsaya, na yi shekaru ina hana Hausa a ajina, ina ganin gata nake yi wa yara. Har yanzu akwai makarantu, musamman na kuɗi, da ke tinƙaho da cewa ba a jin Hausa a cikinsu. Sakamakon shi ne malami ya ɗauko maganar da yaro bai sani ba, ya bayyana ta da wasu kalmomin da yaron bai sani ba, yaro ya kwafe duka biyun ya tafi gida ya haddace. Ranar da na karya wannan doka ba zan manta da ita ba. Ina fama da "let sleeping dogs lie", na yi bayani da Turanci sau uku, 'yan mata sun zuba mini ido kawai. Da na gaji sai na ce, "A bar kaza cikin gashinta." Aji gaba ɗaya ya ɗauki "Ohoo!" Daga ranar na buɗe littafin rubutu na musamman ina tara irin waɗannan. "A bird in the hand is worth two in the bush", ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. "Once bitten, twice shy", wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. "Out of the frying pan into the fire", an gudu ba a tsira ba. "The pot calling the kettle black", gwano ba ya jin warin jikinsa. Yarinyar da ta ji haka ta samu ma'ana, ta samu muhalli, ta kuma san ko maganar ta gaban manya ce ko ta cikin ƙawaye, duk a numfashi guda.

Masu tsoron kada harshen gida ya ɓata wa yaro Turanci, su tuna gwajin da marigayi Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife tun daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci kuma ya zama darasi guda. Yaran ba su koma baya a Turanci ba.

Ban ce kullum ake samun 'yar'uwa da ta yi daidai wa daida ba. Wani lokaci ma kamar ce ke yaudara, kuma nan ne malami ya fi amfani. Yarinya ta ga "pull someone's leg" sai zuciyarta ta tafi ga jan ƙafa, alhali zolaya ake nufi. Jan ƙafa namu, na wanda aka sa aiki yana nawa, shi ne Bature ke kira "drag one's feet". Haka "bad blood" ba baƙin jini ba ne, gaba ce tsakanin mutane biyu. Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne zafi da sanyi. Mu da rana ke gasawa, duk abin alheri sanyi ne a wurinmu. Raina ya yi sanyi, sanyin idaniyata, Allah ya sanyaya. Mai zafin zuciya kuwa a yi nesa da shi. Su da sanyi ke kashewa, mutumin kirki shi ne "warm-hearted", mai sanyin zuciya a bakinsu kuwa marar tausayi ne. Da zarar na faɗa wa ɗalibai wannan, sai ka ga sun warware wasu maganganu goma da kansu ba tare da na taɓa su ba.

Ruwan sama ma haka. Na taɓa ba da "save for a rainy day" a aji, wata yarinya 'yar manoma ta ce ma'anarsa a yi tanadi domin ranar murna. Ban ga laifinta ba. A gidansu ranar da aka yi ruwa ranar godiya ce, har sallar roƙonsa ake fita yi in ya yi jinkiri. A Ingila kuwa ruwa ba ya yankewa, ranar ruwa ita ce ranar da leburan gona ba ya samun aiki. Da na ce mata ajiya maganin wata rana, shi ke nan ta kama. "Make hay while the sun shines" ma daga can ta fito. Manominsu in ya yanke ciyawar dabbobi, 'yan kwanakin da rana ta leƙo su ne kaɗai damarsa ta shanya. Namu manomin da ya ɗaure harawa bayan kaka yana da rana ta wata da watanni, ba zai ga abin gaggawa a maganar ba sai an gaya masa yadda samansu yake.

Abin da nake so malamai 'yan'uwana su riƙe shi ne, kowace irin wannan magana tana da gari, tana da sana'ar da ta haife ta. Ingila tsibiri ce, mutanenta sun yi ɗaruruwan shekaru a kan teku, shi ya sa Turanci ya cika da maganar jirgin ruwa. "Learn the ropes" daga igiyoyin jirgi mai filafilai ta fito, waɗanda sabon ma'aikaci sai ya san kowacce da aikinta. "All hands on deck", wadda 'yan siyasarmu ba sa gama jawabi ba su faɗe ta ba, kiran gaggawa ne ga duk ma'aikatan jirgi su fito sama. Yarinyar Funtuwa da ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi na dam ba, in ba a ba ta labarin ba, me za ta riƙe? Amma in ka ce mata gayya ce, ta san gayya. "Carry coals to Newcastle" kuma, Newcastle gari ne a arewa maso gabashin Ingila, a bakin kogin Tyne, wanda ya yi ƙarnoni yana loda gawayin kwal zuwa Landan. Nakan ce wa ɗalibaina kamar a ce fatake sun ɗauki goro daga Kano sun kai Gwanja ne, can kasuwar Salaga da ke Ghana ta yau, inda kakanninmu ke tafiyar watanni su sayo shi. Sai ka ga an yi dariya, kuma ba a mantawa. "White elephant" da jaridunmu na Turanci ke liƙa wa duk aikin gwamnati da ya ci kuɗi bai amfani kowa ba, daga ƙasar Siyam ta samo asali, wato Tailan ta yanzu, inda farar giwa ke da alfarma, ba a sa ta aiki, ga cin kuɗi wajen kiwo.

Wasu kuma daga Littafi Mai Tsarki na Kirista suka shiga bakin Turawa, musamman fassarar da aka yi a 1611 zamanin Sarki James. "The writing on the wall" daga labarin Daniyel ne da rubutun da ya bayyana a bangon fadar sarkin Babila. "Wash one's hands of" daga Bilatus ne, gwamnan Rumawa, da ya wanke hannu a gaban jama'a. In muka zo kan irin waɗannan nakan ce ɗalibaina Kiristoci su tashi su ba aji labarin, su ma su ji daɗin sun zama malamai. Da muka iso "the patience of Job" kuwa ba wanda ya buƙaci bayani, ina cewa Annabi Ayuba ne kowa ya gane. Mu ma ai haka muke cewa dukiyar Ƙaruna da mulkin Fir'aunanci, kuma baƙon da bai san ƙissoshin ba sai an warware masa.

Akwai wani abin da ya fi wannan damuna. 'Yan littattafan hadda sun fi son maganganu masu ƙawa, irin su "raining cats and dogs", wadda mu muke cewa ruwa kamar da bakin ƙwarya. To amma Turawan yau da wuya ka ji wannan a bakinsu. Abin da ke cika maganarsu ta yau da kullum ƙananan abubuwa ne da ba su da kwarjini a ido, aikatau guda da ɗan ƙarin kalma a bayansa. "Put off", ɗagewa. "Put up with", haƙuri da abu. "Call off", fasawa. "Take after", gado na kama ko hali. "Run out of", ƙarewar abu a hannunka. 'Yar ƙanena ma'aikaciyar jinya ce a Ingila. Da ta zo hutu ta ce mini, "Goggo, duk idiyom ɗin da na haddace ba wanda ya yi mini rana a watan farko." Wani majinyaci ya ce mata ya "passed out" a banɗaki, ita kuwa abin da ta sani da wannan kalma shi ne faretin gama bautar ƙasa, ashe suma yake nufi. Tsakanin "passed out" da "passed away" kalma ɗaya ce tak, ɗaya suma, ɗaya mutuwa, kuma a asibiti take aiki. Wata tsohuwa kuma ta ce tana so ta "spend a penny", ita tana tunanin kanti za a kai ta, ashe fitsari take ji. Maganar ta samo asali ne daga banɗakunan gwamnati na da, waɗanda sai an jefa kwabo ƙofa ke buɗewa.

Su ma waɗannan ƙananan, Hausa na da mabuɗinsu, mu ne ba mu amfani da shi. Bahaushe na cewa saya, sayo, saye, sayar. Tushe ɗaya ne, ɗan canji a ƙarshe ya juya ma'ana. Ci da cinye, sha da shanye, fita da fito. Abin da Hausa ke yi da ƙarshen kalma, shi Turanci ke yi da 'yar kalmar da ke biyo baya. "Eat" ci ne, "eat up" cinyewa. "Drink up" shanyewa. "Buy up" sayewa. Na sha rubuta wannan a allo, kuma ban taɓa ganin ajin da bai gane ba. Balle a zo ga yadda muke wasa da ci da sha. Muna cin kasuwa, mu ci bashi, mu ci jarrabawa, mu ci amana, mu ci sarauta, mu ci karo. Muna shan iska, mu sha kashi, mu sha alwashi, mu sha bamban. Wani ɗan bautar ƙasa daga Kudu da aka turo makarantarmu, mai ƙoƙarin koyon Hausa, ya taɓa tsayar da ni a ɗakin malamai yana tambaya da gaske yadda ake cin hanci, da wane irin hanci ne. Yaran da suka tashi da irin wannan harshe a baki gwanayen azanci ne tun kafin su taka ƙofar makaranta. Mu ne muke karɓarsu kamar ba su zo da komai ba.

Na san abin da iyaye za su ce, jarrabawa fa? Gaskiya ne, a takardar Turanci ta WAEC akwai sashen da ake ba da jimla a ce ɗalibi ya zaɓi fassarar da ta dace cikin huɗu, kuma a ɓangaren insha'i akan ce a rubuta labarin da zai fito da ma'anar wata karin magana, cikin kalmomi kamar 450. To amma duka biyun fahimta suke nema. A jimla ake kawo maganar, cikin wani hali, kuma wanda ya san muhalli shi ke cin wannan sashe. Ta ɓangaren insha'i kuwa, na duba takardu ba iyaka, na ga yadda hadda ke kashe yara. Yaro zai buɗe labari da karin magana uku a jere waɗanda ba abin da ya haɗa su, don an ce masa suna jawo maki. Na ga labarin da aka ce ya faru da tsakiyar hunturu a Katsina, amma an yi "cats and dogs" a sakin layi na farko. Wanda ya rubuta gajerun jimloli masu tsabta, ya sa karin magana ɗaya a inda ta zauna daram, shi ke tafiya da makin. In ɗalibi bai tabbatar da muhallin magana ba, ya bar ta ya faɗi abin da yake nufi kai tsaye. Ba a rage wa kowa maki don ya rubuta "my grandfather died".

Sai kuma Turancinmu na gida. A Najeriya mukan ce "cut your coat according to your size", Bature kuwa "cloth" yake cewa, wato gwargwadon yadin da ke hannunka. Mukan ce "more grease to your elbow", shi yana cewa "more power". Ni ban ɗauki wannan abin kunya ba. Harshe in ya yi shekara ɗari a gari dole ya ɗauki ƙamshin garin. A watan Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi da maganganu 29 na Turancin Najeriya, har da "Kannywood" da "next tomorrow" da "rub minds". Abin da ya wajaba a kan malami shi ne ya gaya wa yaro wannan tamu ce, waccan tasu ce, ga inda kowacce ke karɓuwa. Basakkwace ya san Hausar da yake yi da kakarsa, ya san wadda zai rubuta a jarrabawa, kuma bai raina ko ɗaya ba.

Edita, ka yi mini afuwa in juyo kanku kaɗan, ku 'yan jarida, domin cutar ta tsallako cikin Hausar kanta. Mai fassara labari in ya ci karo da karin maganar Turanci bai gane ta ba, sai ya kwaso ta kalma da kalma ya zube mana. Na ji an ce "a ƙarshen rana" a rediyo da safe, ana nufin daga ƙarshe dai. Na ji an ce gwamnati ba za ta bar wani dutse ba tare da ta juya shi ba. Na ji an ce yanzu ƙwallo tana ɓangaren 'yan majalisa, ga kuwa dabara ta rage ga mai shiga rijiya tana zaune tana jira. An ce abin da aka gano kan dutsen ƙanƙara ne kawai, alhali somin taɓi ake son cewa. Tsohuwar da ke sauraro a ƙauye me za ta ɗauka? Magabatanku a wannan aiki, tun daga Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a Zariya a 1939 zuwa gidajen rediyon da suka biyo baya, ba haka suka bar mana ba. Da aka zo kan zaman doya da manja tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet ba su ce yaƙin sanyi ba, suka ce yaƙin cacar baka. Suka ce Majalisar Ɗinkin Duniya, suka ce jirgi mai saukar ungulu. Sai da suka fahimci abin sarai, sannan suka nemo masa riga a gida. Wanda ya iya wannan shi ne ya iya harsunan biyu, kuma irin tarbiyyar da nake roƙo a yi wa yara ke nan tun daga aji.

Roƙona gare ka ƙarami ne. Ka ware ɗan gurbi a jaridar nan kowane mako, ko da rabin tafin hannu ne, a ɗauki karin maganar Turanci guda ɗaya tak. A faɗi inda ta fito, a faɗi wa ke faɗa wa wa kuma a wane hali, a sa ta cikin jimla, sannan a kawo 'yar'uwarta ta Hausa, in kuma akwai inda suka saɓa a nuna. A bar masu karatu su aiko da nasu, domin abin da Bakano bai sani ba wataƙila yana bakin Bakatsine ko mutumin Damagaram. Malaman makaranta za su yanka su liƙa a allo, masu fassara ma za su amfana. Littafin nan nawa da na fara tarawa tun ina aji yana nan, bangonsa ya tsufa amma rubutun bai goge ba. In ka amince, zan riƙa aiko muku daga ciki ba tare da ko sisi ba.

Ni da jikata kuwa mun ajiye haddar. Uku muke ɗauka kowane dare, ta karanta jimlar, ta faɗi wanda za ta iya gaya wa ita da wanda ba za ta iya ba, sannan ta nemo ta Hausa da kanta. In ta rasa, takan je ɗakin kishiyata, wadda ba ta yi boko ba amma ta fi mu duka karin magana, ta bayyana mata ma'anar ta dawo da amsa. Daren jiya mun tsaya a kan "blood is thicker than water". Ita ta ce naka sai naka. Ni na ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ta ce tawa ta fi dacewa da ɗan'uwan da ya yi laifi, tata kuwa ta fi faɗi, kuma ina ganin da gaskiyarta. Mun bar wa masu karatunka su raba mana gardama, in Allah ya sa ka buga wannan wasiƙa.

Wassalam.

Taku,
Tsohuwar malamar Turanci,
Funtuwa, Jihar Katsina.